Gidan Lig da Gidan Shagali: Wane Bolin Ne Ke Mutuwa a Amurka?

Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce abokan aikinka a Ohayo suna jan ka ka shiga ƙungiyarsu ta bolin, za a fara kaka a watan Satumba, amma wani ya ce maka wasan ya mutu, gidajensa sai rufewa suke yi. Kai kuma ran Asabar ka leƙa wani gida ka tarar ba masaka tsinke, sai da kuka jira awa guda kafin a ba ku layi. Shi ne kake tambaya wa za ka gaskata, kunnenka ko idonka. Babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu. Gidan da ka je da gidan da ake yi wa makoki sana'o'i biyu ne daban, ƙwallo da katako kawai suka haɗa su. Shekarata shida ina buga lig a gefen Detroit, kuma ina kai yara irin gidan da ka gani, to bari in ajiye maka su gefe da gefe.

Ga 'yan'uwan da ba su taɓa gani ba: ƙwallo ne mai nauyi, mafi girmansa ya ɗan haura kilo 7, ana gangara shi a kan shimfiɗa mai santsi mai tsawon ƙafa 60, wato layi, a ƙarshenta an jera katakai 10 masu siffar kwalba. Wanda ya zubar da goman nan a jifa ɗaya sau 12 a jere ya ci maki 300, babu sama da haka.

Tsohon gidan, wato gidan lig, inji ne ya haife shi. A da yara ake ɗauka su tsuguna a bayan layi suna jera kwalaben da hannu. A 1952 kamfanin AMF ya fito da injin jera su, Brunswick ya biyo baya a 1956, sai gidaje suka riƙa tsirowa a unguwannin bayan gari har suka kai kusan 12,000 a tsakiyar shekarun 1960. Ka duba girman abin a lokacin: a 1964 ɗan bolin, Don Carter, shi ne ɗan wasan farko da ya sa hannu a kwangilar talla ta dala miliyan ɗaya, ba ɗan dambe ko ɗan ƙwallon kwando ba. Tashar ABC ta riƙa nuna gasar ƙwararru da yammacin Asabar daga 1962 har 1997. A ƙarshen shekarun 1970 masu rajistar lig, maza da mata da yara, sun haura miliyan 9.

Lig ɗin nan, in kana so ka gane shi, ɗauke shi kamar adashi. Mutum huɗu ko biyar a ƙungiya, rana ɗaya a mako, wasa uku a dare, mako talatin da wani abu. Ka zo ko ba ka zo ba, zubinka na nan a kanka. Mai gida tun Satumba ya san abin da zai shigo masa har Afrilu, da wannan tabbacin yake zuwa banki. Su wa suke zubin? Ma'aikatan kamfanonin mota da aka tashe su a lokaci ɗaya, 'yan coci ɗaya, 'yan ƙungiyar ƙwadago, matan gida da safe bayan yara sun tafi makaranta. Da masana'antu suka yi ƙaura, mata suka fita aiki, lokacin tashi ya daina zama ɗaya, talabijin ya cika da tashoshi, sai adashin ya fara rasa masu zubi. Wani farfesa a Harvard, Robert Putnam, ya lura da haka tun 1995: tsakanin 1980 da 1993 yawan masu buga bolin ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, amma masu buga lig sun ragu da kashi 40. Yau hukumar wasan, USBC, ba ta da mamba miliyan ɗaya da rabi ma, gidajen kuma ba su kai 4,000 ba.

Kuma ba duk gidan da ya rufe ba ne ya rufe don asara. Gini mai layi 40 da filin ajiye motoci fili ne makeke. Mai shi ya tsufa, 'ya'yansa likitoci ne a wata jiha, rufi yana yoyo, ga ɗan kasuwa ya zo da tayin rushewa ya gina shaguna. Kai ne shi, me za ka yi? Kullen korona na 2020 kuma ya ƙarasa waɗanda dama da ƙyar suke numfashi.

Sabon gidan, wanda ka gani, shi ma da tarihinsa. A 1997 wani mai suna Tom Shannon ya sayi wani tsohon gida a Niyok, Bowlmor, ya sallami 'yan lig, ya rage fitilu, ya ƙara kiɗa da abinci da farashi. Aka yi masa dariya, ciniki kuwa ya buɗe. AMF da ya kawo injin nan ya karye sau biyu, 2001 da 2012, ya koma hannun Shannon a 2013. A 2014 ya haɗa da gidajen Brunswick, a 2019 ya sayi ƙungiyar ƙwararru ta PBA ɗungurungum. Kamfanin, da aka sani da Bowlero, ya koma Lucky Strike Entertainment a ƙarshen 2024, yana riƙe da gidaje sama da 300. A nan ba a sayar maka wasa, awa ake sayar maka, da hayar takalmi, da fiza, da injinan wasan yara, da ɗakin bikin zagayowar haihuwa. Ni dare ɗaya na lig dala 20 nake zubawa. Ranar da na kai iyali da yaran maƙwabta gidan shagali, awa biyu suka ci abin da nake zubawa a wata biyu. Mai gida ba wawa ba ne, ya san wa zai ba daren Juma'a.

Bambancin da baƙo ba ya gani shi ne mai. Layin nan katako 39 ne a faɗi, ana shafa masa mai daga farko zuwa wajen ƙafa 40, a bar sauran a bushe. Ƙwallo yana sulɓewa a kan man, in ya taka busasshen wuri sai ya kama ƙasa ya lanƙwasa, ya shiga tsakanin kwalba ta gaba da ta gefenta. Wasan ke nan gaba ɗaya. A gidan lig, kafin mu iso, za ka ga yaron gida yana tura injin mai layi bayan layi, ka ji ƙamshinsa tun daga ƙofa. Zuwa wasa na biyu man ya fara gushewa, sai ka ga dattijon da ke kusa da kai ya matsa ƙafarsa katako biyu hagu ba tare da ya ce uffan ba, ya goge ƙwallonsa da tsumma, ya ci gaba da zubar da su. A gidan shagali hasken shuɗi ya ɓoye kibiyoyin da ake auna jifa da su, man kuwa sai ranar da aka tuna. Mai biki bai damu ba, shi dai a ji ƙara a yi shewa. Wani gida da na taɓa bugawa, da aka sayar da shi, sabon manaja ya ɗage mu daga ƙarfe shida da rabi zuwa tara na dare, ya ce farkon dare na masu biki ne. Rabinmu masu fita aiki da asuba ne. Ba a kore mu ba, amma kafin kaka ta ƙare ƙungiyoyi shida sun watse.

Sai rigimar igiya. Tsohon injin jera kwalabe ƙarafa ne dubbai, yana son makanike wanda ya san kukansa, irin waɗannan makanikan kuwa ritaya suke yi ba masu gadonsu. Sabon inji kowace kwalba da igiya a kanta, ya ja ta sama ya dire, wuta kaɗan, gyara kaɗan. USBC ta amince da shi a gasa a 2023. Tsofaffin 'yan lig sun tsane shi, suna cewa ko ƙarar faɗuwar ba ɗaya ba ce, wani lokaci ma igiyar ce ke kayar da kwalbar da ƙwallo ya bari. Gaskiyarsu. Ni dai na fi son gida mai igiya a buɗe da gida mai ƙarfe an sa masa kwaɗo, kuma ƙananan gidajen ƙauyuka ita za ta cece su.

Abin da zan yi kewa in lig ya ƙare ba makin ba ne. Gidan shagali da mutanenka kake zuwa, da su kake fita, ba ka san sunan na layin kusa ba. Lig kuwa majalisa ce. Akwai tsarin ƙara wa mai rauni maki, don haka direban bas, nas, da tsohon da ya yi shekara talatin a kamfanin mota duk sa iya karawa. Makon da na yi rashi a gida ban je ba, da na dawo na tarar da katin ta'aziyya da sa hannun mutum ashirin, ciki har da wanda ban taɓa jin ya yi dariya ba. A ƙasar da maƙwabcinka zai shekara bai ƙwanƙwasa ƙofarka ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai kada a yi wa tsohon zamani kwalliya fiye da kima. Hukumar maza ta lokacin sai a 1950 ta cire dokar farar fata zalla, shi ya sa baƙaƙe suka kafa tasu ƙungiyar a nan Detroit a 1939, tana nan har yau. Kuma wasu 'yan lig su suka kori sababbi da ɗaure fuska in ka taka layi lokacin da na kusa yake shirin jifa, ba tare da sun koya maka ba.

To ina aka dosa? A ganina miliyan taran nan ba za su dawo ba, domin rayuwar da ta haife su ta tafi. Gidan shagali zai ci gaba da cin kasuwa a manyan birane muddin farashinsa bai kori iyalai ba. Wasan kansa zai ƙanƙance ya koma hannun masu sonsa da gaske, kuma yara suna shigowa ta wata ƙofa: makarantun sakandare, da jami'o'i inda mata ke da gasar ƙasa tun 2004, da masu kwaikwayon Jason Belmonte na Ostireliya, mai jifa da hannu biyu. Japan ta riga ta ga irin wannan. A 1972 tana da gidaje kusan 3,700, cikin 'yan shekaru suka koma ƙasa da dubu, amma har gobe ana bugawa. Gidajen da nake ganin suna da ƙarfi a nan su ne masu raba mako, Litinin zuwa Alhamis lig da mai, ƙarshen mako kiɗa da biki, kuɗin wannan yana riƙe wancan. Sun kuma fara gajeren lig na mako 10 ko 12.

Shawarata ka shiga, amma ka tambaya tukun: mako nawa ne, nawa ne zubi, kuma in aiki ya hana ka akwai mai maye gurbi? In akwai gajeren lig fara da shi. Giya tana yawo a wurin, ka riƙe lemonka, ba mai takura maka. Za a zagayo da ambulan na 'yan daloli a kan wa zai fi maki a daren, caca ce, ka ce a wuce ka. Kada ka sayi ƙwallo a intanet. Je shagon cikin gidan a auna yatsunka a huda maka. Magariba takan faɗo a tsakiyar wasa farkon kaka da ƙarshenta. Ni a lungun akwatunan ajiya nake shimfiɗa darduma, abokan ƙungiyata sun saba, in layi ya zo kaina sai su tsallake ni har in sallame.