Na'urar da ke tono wa talaka hujja a Amurka, da fayil ɗin da ke ɓacewa a gida

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman abokan aikina lauyoyi da ke yawan tambayata me nake yi tun da na baro gida. Ina aiki ne a wani ƙaramin ofishin lauyoyi a Amurka a matsayin mai taimaka wa lauya, domin takardun da na zo da su ba su ba ni damar tsayawa gaban alƙali a nan ba. Ofishinmu na masu ƙara ne zalla, mutanen da mota ta buge ko asibiti ya yi wa ganganci. Mai ƙara ba ya biyan ko dala ɗaya a farko. In an ci shari'a lauya ya ɗauki kashi ɗaya bisa uku na diyyar, wani lokaci har kashi 40 cikin 100. In an faɗi, ofis ne ya yi asarar wahalarsa. Saboda haka kowace awa da aka ɓata wajen karatun takardu daga aljihun maigidanmu take fita.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shari'ar wata baiwar Allah ce da tirela ta murƙushe wa mota, ta bar ta da karaya a ƙugu. A nan, kafin a je gaban alƙali, akwai matakin musayar hujjoji. Doka ta 34 cikin ƙa'idojin shari'ar farar hula na kotunan tarayya ta ba ka damar neman takardun abokin shari'arka, shi kuma yana da kwana 30 ya amsa. Mun nema, kamfanin sufurin ya aiko. Amma wace irin aikowa! Imel na shekaru, saƙonnin waya, rasit ɗin mai, takardun gyaran mota, duk a cakuɗe babu kai babu gindi, shafuka dubbai a kan dubbai. Tsohuwar dabara ce ta manyan kamfanoni: ka nemi hujja, su binne ka da takarda, sun san ku 'yan kaɗan ne kuma kuɗinku zai ƙare kafin ku kai rabi. Allura cikin ruwa ke nan, mai rabo ka ɗauka.

Na riga na shirya wa watanni na ciwon ido. Sai maigidan ya sa aka loda komai cikin wata manhajar ƙirƙirarriyar basira, ya rubuta mata tambaya kamar yana magana da mutum: ta nemo duk inda ma'aikatan ofis suka matsa wa direba kan lokacin isar da kaya. Kafin a tashi aiki ta jero saƙonni, kowanne da lambar shafinsa. Cikinsu akwai na wani mai raba wa direbobi aiki, da tsakar dare, yana gaya wa direban cewa lallai kayan su isa da asuba, kuma ya san yadda zai yi. Dokar tarayya ta hana direban babbar mota tuƙin da ya wuce awa 11 bayan hutun awa 10. Rajistar awannin aikin direban ta nuna yana barci a wannan daren. Manhajar ta ɗauko rasit ɗin shan mai daga wata jihar, mai ɗauke da lokacin da ake cewa yana kwance, ta ajiye shi kusa da saƙon. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Babu gajiya ko hutu ko doka a cikin kalmomin saƙon nan, don haka da tsohuwar hanyar neman kalma muka bi, da mun wuce shi. Da aka sa wa mai raba aikin takardun biyu a gaba yana amsa tambayoyi bisa rantsuwa, kamfanin inshorar da ke ta jan ƙafa shi ya fara neman sulhu.

Abin ba jiya ya fara ba. Tun 1985 wasu masu bincike biyu, Blair da Maron, suka nuna cewa lauyoyin da ke neman takardu da kalmomi sun ɗauka sun samo kashi 75 cikin 100 na abin da suke buƙata, alhali kusan kashi 20 kawai suka samo. A 2012 wani alƙali a New York, Andrew Peck, ya amince a bar kwamfuta ta koyi tantance takardu daga samfurin da lauyoyi suka duba, a shari'ar Da Silva Moore. Sai dai wancan na masu hannu da shuni ne. Sabon abin shi ne ofis irin namu ma yanzu yana iya kai hannu.

To amma kada ku ɗauka komai zam-zam. Na'urar nan tana zuba ƙarya ba tare da ta ƙifta ido ba. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci tarar wasu lauyoyin mai ƙara dala 5,000 a shari'ar Mata da kamfanin jirgin Avianca, saboda sun kafa hujja da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙiro, waɗanda ba su taɓa wanzuwa ba. A wajenmu kuma matsalar takardun asibiti ce. Za ta tsara maka tarihin jinyar mutum tsaf, gwanin sha'awa, amma ta tsallake rubutun hannun wata nas a gefen shafi da ke cewa yana da tsohon ciwon baya. In lauyan kamfani ya riga ka gani, ya mayar da mutuminka maƙaryaci a gaban masu taimaka wa alƙali. Dole kowane layi a buɗe shafin asali a gani da ido. Abin da ke ci mini rai shi ne matasan lauyoyin nan: ka kawo musu abin da ka karanta da idonka, su tambaye ka ko manhajar ma haka ta ce.

Ga tsada. Kamfanonin da ke sayar da manhajar suna cajin kuɗi kowane wata gwargwadon nauyin takardun da aka ajiye musu, kuma sau da yawa daga diyyar wanda aka nakasa ake cirewa a ƙarshe. Ba ka isa ka guje musu ka zuba sirrin mutane cikin manhajar kyauta ba, ƙungiyar lauyoyin Amurka ta ja kunne kan haka a ra'ayinta mai lamba 512 na Yulin 2024. Sannan ina tausayin 'yan'uwanmu lauyoyi baƙi da karatun takardu bisa awa ya daɗe yana rufa wa asiri. Aikin nan yana janyewa a kan idonsu.

Wani lokaci ina zaune gaban allon kwamfuta sai kewar gida ta taso mini. Ina tuna yadda mai ƙara ke zama a gabanka ya kwashe labarinsa tun daga farko, babbanmu a ofis yana sauraro bai katse shi ba. Nan galibi ta bidiyo muke ganin mutane, minti kaɗan, a kashe.

Duk da haka sai na faɗa mana gaskiya. Na ga wasunku suna ɗokin a kawo irin wannan fasaha gida. Me za mu ba ta ta karanta? Na'urar ta samo saƙon nan ne domin doka ta tilasta wa kamfanin adana shi da miƙa shi. Doka ta 37 cikin ƙa'idojin kotunan tarayyar Amurka ta ce in ka goge bayanan kwamfuta da gangan don hana abokin shari'arka, alƙali na iya umartar a ɗauka cewa abin da ka goge hujja ce a kanka, ko ma ya yanke hukunci a kanka kai tsaye. Mu fa? Katin asibiti ya ɓata, fayil ya ɓata a wajen magatakarda, a ɗage zama. Alƙali yana rubuta kowace kalma da hannunsa har la'asar. Ka kawo saƙon waya, a shafe zama guda ana jayayya kan takardar shaidar da sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya nema kan bayanan na'ura. Mafi ciwo, tun kafin a kai ga wannan dangi sun taru sun ce wa wanda aka nakasa ya bar wa Allah. Ƙaddara gaskiya ce, amma diyya ma haƙƙi ce da addini ya tanada, kuma wanda ya tilasta wa direba tuƙi ba barci zai sake yi wa wani.

Akwai abu ɗaya da ba ya buƙatar manhaja. A nan doka ta wajabta wa kamfanin sufuri ajiye rajistar awannin direba na wata shida kawai, shi ya sa ranar da mai ƙara ya sa mana hannu muke aika wa kamfani wasiƙa cewa kada ya taɓa takarda, waya ko na'urar cikin motar, sannan mu adana shaidar cewa ya karɓa. Barista, kai da ke zuwa babbar kotu kullum, ka gwada aika irin wannan wasiƙa a shari'ar haɗari ta gaba, ka nemi takardun a hukumance, sannan ka rubuto mini abin da alƙali ya yi da kamfanin ya ce sun ɓata.