GARGAƊI: RAV4 ta 2007 suke sauya wa fuska su sayar a matsayin 2011, har da takardar garanti

Naira miliyan 11 da dubu 800. Wannan ne kuɗin da aka karɓa a hannun ƙanena a kan motar Toyota RAV4 da aka rantse mana 'yar 2011 ce, alhali 'yar 2007 ce da aka canza wa bamba da fitilu. Miliyan 11 da dubu 800, ban da la'adar dubu 200 da dillalin ya sake karɓa a kai. Ni na duba motar, kuma ni na ce a biya. Shi ya sa nake rubuta wannan da zafi, don dabarar da suka yi ba ta ƙare a kanmu ba, akwai irin waɗannan motoci jere a filayen sayar da mota a Kano yanzu haka.

Kada wani ya zo ya ce ai garaje aka yi. Ba a yi garaje ba. Mun zauna mun tace ƙananan jif ɗin da ke kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Nissan Rogue mun ajiye ta gefe saboda giyarta CVT ce, wato irin giyar otomatik mai aiki da bel, ba ta son zafi, ga shi bakaniken da zai buɗe ta ya mayar daidai yana da wuyar samu. Tucson da Sportage masu injin Theta II mun bar su saboda labarin bugawar injinsu ba ɓoyayye ba ne, a Amurka ma sai da kamfanin ya janye motoci a kai. CR-V ta 2007 zuwa 2011 mota ce mai juriya, matsalarta da aka fi sani kwamfireson esi ne da makullan ƙofa, da mun samu mai kyau da mun ɗauka. Muka tsaya a kan RAV4, kuma muka ce lallai daga 2009 zuwa 2012, domin a 2009 ne Toyota ta cire injin 2AZ-FE mai lita 2.4 ta sa 2AR-FE mai lita 2.5. Duk wanda ya san RAV4 ya san cewa ta 2006 zuwa 2008 mai silinda huɗu tana shan baƙin mai. Ainihin abin da muka guda ke nan, kuma shi ɗin aka miƙo mana a kan miliyan 11 da dubu 800.

Ga yadda aka yi. Kafin mu je filin, dillalin ya turo lambar shasi ta WhatsApp, haruffa da lambobi 17 cif. Na duba na goma, wanda shi ke nuna shekarar mota, B ne, wato 2011, daidai. Na biya kuɗi aka fitar da tarihin lambar: mai gida ɗaya, ba haɗari, ba ambaliya, tafiya mil dubu 80 da wani abu. Da muka je, mitar motar tana nuna mil 88,000. Komai ya hau. Abin da ban yi ba shi ne in durƙusa a gaban gilashi, ɓangaren direba, in karanta lambar da ke jikin motar da idona. An shimfiɗa wani ƙyalle mai gashi-gashi a kan dashbod, irin wanda ake sawa don rana, gefensa ya sauko ya rufe wurin. Na ga ƙyallen. Na ma taɓa shi. Hannuna yana kai lokacin da ya ce, "Yallaɓai, ai ka riga ka duba lambar da kanka, wallahi tallahi ni ba na cin haram, ga garanti ma na wata shida." Ya zaro takarda mai hatimi daga aljihun gaba. Sai na saki ƙyallen na karɓi takardar.

Wannan wurin nake ta komawa. Ɗaga ƙyalle, aikin daƙiƙa biyu. Lambar da ya turo ta wata motar ce daban, RAV4 ta 2011 ta gaske, launi ɗaya. Ta jikin tamu harafinta na goma 7 ne. Da muka bi tarihinta daga baya, an yi gwanjonta a Amurka a matsayin wadda kamfanin inshora ya haƙura da gyaranta, gabanta a murƙushe, kuma mitarta a ranar gwanjon tana nuna mil 214,000. Kusan kilomita 344,000 ke nan. An mayar da ita 88,000. Hotunan gwanjon suna hannuna, da saƙon da ya turo lambar bogin, da rasit na banki. Zan sa su duka da zarar an rufe sunaye da lambobin waya, don maganar tana gaban hukuma.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin duk wannan an ba da kafin alƙalami na dubu 500, wai akwai wani daga Abuja da zai zo da kuɗi a hannu da yamma. Kuma ranar da muka je dubawa motar da ɗuminta muka same ta, ya ce yanzu aka dawo da ita daga wanki. Injin da ke shan mai da sassafe yake tona kansa, lokacin da ya kwana a sanyaye, sai ka ga shuɗin hayaƙi a bakin salansa. An hana mu wannan damar. Na zaro gejin baƙin mai, a cike yake, sabo, amma da kauri kamar zuma yana bin yatsa. Na lura da kaurin, na ɗauka sabon juye ne da mai mai nauyi irin wanda mutanenmu suka saba zubawa. Ashe 20W-50 ne aka haɗa da maganin ƙara kauri don ya toshe hayaƙin. Injin nan 5W-20 aka rubuta masa.

Ranar da aka juye aka zuba man da ya dace, ranar gaskiya ta fito, kuma daga filta ta fara. Yaron garejin ya shiga ƙarƙashi ya fito da filtar gwangwani, irin wadda ake murɗewa gaba ɗaya a jefar. RAV4 mai lita 2.5 ba ta amfani da ita, tata ta takarda ce da ake zurawa a cikin kofi. Da na ga gwangwanin nan a hannunsa na san an gama da mu. Muka ɗaga bonet da kyau, takardar da ke manne a cikinsa, wadda take nuna shekara da girman inji, an ɓare ta, sai shatin gam. Ta jikin ginshiƙin ƙofar direba, mai ɗauke da wata da shekarar ƙira, an bi ta da fenti. Na ga wannan ma a ranar farko, ya ce mai fenti ne ya yi ganganci. Muka ja bel ɗin kujera har ƙasa, alamar da ke ɗinke a gindinsa ta nuna 2007. Bamban gaba kuwa, tsakaninsa da fenda a dama yatsa yana shiga, a hagu ko kati ba ya shiga, kuma a ƙarƙashi da igiyar roba da kusoshin katako aka ɗaure shi.

Daga Kano zuwa Kaduna da dawowa, abin da bai kai kilomita 500 ba, sai da aka ƙara fiye da lita guda. Ita Toyota da kanta ma'aunin da ta sa na injin da ya wuce gona da iri shi ne kwat ɗaya, wato ɗan ƙasa da lita, a mil 1,200. Tamu ta ninka wannan. Dalilin sananne ne: ramukan da mai yake komawa ta cikinsu a jikin fistin suna toshewa da gawayi, ringin mai ya maƙale, man ya hau sama ya ƙone tare da fetur. Canza fulogi ba ya magance shi, zuba magani ma ɓata kuɗi ne. Sai an sauke inji an sa sababbin fistin da ringi, in silinda ta ci kuma sai an nemi wani injin. A Amurka Toyota ta yi wa masu waɗannan motoci gyaran kyauta har zuwa shekara 10 ko mil 150,000, amma wa'adin motar 2007 ya daɗe da wucewa.

Kwana uku da saye fitilar inji ta kama, kwamfuta ta nuna lambar laifi P0420, wadda ke nufin matsala a matatar hayaƙi. Ranar dubawa na sa kwamfuta, ba ta nuna laifi ko ɗaya ba, amma gwaje-gwajen da motar take yi wa kanta duk suna nuna ba su kammala ba. Wannan alama ce ta an goge laifuka bai daɗe ba. Na tambaye shi, ya ce batir aka canza jiya. Amsar tana iya zama gaskiya, cire batir yana jawo haka, shi ya sa na karɓa. Da aka kwance tukunyar salansa, abin da bakanikai ke kira indomi, wato matatar hayaƙin, babu shi, an fasa an kwashe an mayar da fanko. Kuma kwamfutar nan da na riƙe a hannuna tana da shafin da ke karanto lambar shasi daga ƙwaƙwalwar motar. Ban buɗe shafin ba, saboda a raina na riga na duba lamba.

Yanzu garantin. Miliyan 11 da dubu 800 aka biya saboda wannan takardar, don ita ce ta kashe sauran shakkun da ke raina. An rubuta wata shida a kan inji da giya. Babu lambar rajistar kamfani, babu adireshin da ya wuce sunan titi, babu lambar shasin motar a jiki. Da muka koma, dillalin ya ce garanti na injin da ya buga ne, shan mai ba bugawa ba ne. Muka nuna masa filta da bel, sai ya juya ya ce tunda an juye mai a wani gareji ba nasu ba, garanti ya faɗi. A ina aka rubuta haka? Babu. Mai filin kuma ya ce shi wuri kawai ya ba da haya, motar ba tasa ba ce, hatimin ma ba nasa ba ne. Asusun da aka tura kuɗin sunan wani mutum ne daban, wai yayan dillalin. Takardar kwastan kwafi aka ba mu, asalin wai yana hanya daga Legas, kuma lambar da ke jikin kwafin ta waccan motar ce ta 2011. Ma'ana tamu ba ta da takarda ko ɗaya da ta dace da jikinta, ko shingen kwastan aka tsayar da ita sai yadda Allah ya yi.

Ku sani, motar da ta shekara goma da ɗoriya ba ta da sauran garantin kamfani. Na Toyota a Amurka shekara 3 ne ko mil 36,000, na inji da giya shekara 5 ko mil 60,000. Na Hyundai da Kia mai shekara 10 da dillalai suke yawan ambata, na wanda ya fara sayen motar ne a can, ba ya biyo ta cikin jirgin ruwa. Duk garantin da aka nuna maka a fili alkawarin mai sayarwa ne kawai.

Ku karanta lambar shasi a jikin mota, a gilashi da ƙofa da kwamfuta, ku haɗa da ta asalin takardar kwastan, ku je ofishin kwastan a tabbatar kafin ku ba da ko sisi. Ku je da sassafe inji a sanyaye. Ku leƙa filta. Kuɗi a tura asusun mai sunan da ke kan yarjejeniya.

Wayar dillalin a kashe take tun ranar Talata. Motar tana gareji an sauke kan inji, kuma mai filin yana nan a kan cewa bai san inda yake kwana ba. Miliyan 11 da dubu 800, da dubu 200 na la'ada. Hotunan suna zuwa.