Kafin ka biya kuɗin makaranta a Kano, ga abin da zaka auna

Duk ƙarshen dogon hutu, wajen Agusta zuwa Satumba, tambaya ɗaya ce take yawo a majalisu da gurup ɗin iyaye na WhatsApp, wai wace makaranta ce mai kyau a garin nan. Amsar kuma bata wuce sunan inda ɗan wane yake, ko wadda aka hango da bene da sabon fenti da motar ɗaukar yara. Ni na koyar a makarantar kuɗi na koyar a ta gwamnati, kuma wallahi kyan makaranta abu ne da ake aunawa, yana da ma'aunai, uba ko uwa da basu taɓa riƙe alli ba zasu iya auna mafi yawansu a safiya guda idan sun san inda zasu kai ido.

Mu fara da sakamakon jarrabawa tunda shi kowa yake fara ɗagawa. Zaka ga an manna ƙatuwar bana a bakin get an rubuta ɗalibanmu sun ci WAEC ɗari bisa ɗari. To ɗari bisa ɗari na mutum nawa? Wannan ita ce tambayar farko. Ka ce a nuna maka takardar sakamakon makarantar gaba ɗaya wadda WAEC ko NECO suka turo, ba hoton yara uku da suka fi kowa ba, kuma ta shekara uku a jere. A ciki ka ƙirga mutum nawa suka zauna, nawa suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, wato daga C6 zuwa sama, domin D7 da E8 ba zasu kai yaro jami'a ba, sannan nawa aka riƙe musu sakamako. Idan an riƙe na mutane da yawa a shekara ɗaya to akwai magana, yawanci zargin satar amsa ne yake jawo haka. Sai kuma ka tambaya yara nawa ne suka shiga SS1 a wannan rukunin, domin akwai makarantun da idan suka ga yaro bazai ci ba sai su sallame shi a SS2 ko su ce ya je ya yi rajista a wani wuri, sai alƙalumansu su fito fes.

Ko a matakin jiha ma haka abin yake. A 2025 Kano ce ta zo kan gaba a yawan waɗanda suka samu kiredit biyar a NECO, sama da 68,000, kuma abin farin ciki ne ƙwarai, ni ma na ji daɗi. Amma yawa daban, kaso daban, jihar da ta fi tura ɗalibai dama ana sa ran ta fi yawan masu ci. Wannan tunanin shi zaka ɗauka ka shiga da shi ofishin firinsifal.

Ma'aunin da na fi yarda da shi a sakandare shine ka ɗora sakamakon WAEC kusa da makin JAMB na yaran nan dai. JAMB a kwamfuta ake yinta a santar da ba ta makarantar ba, maki 400 ne, malamin aji baya nan balle ya rubuta amsa a allo. Idan kaga aji guda kowa A1 da B2 a Fiziks da Kemistiri amma da ƙyar ake samun wanda ya haura 180 a JAMB, to ka san wannan A1 ɗin ba daga kan yaran ta fito ba. Kuma abin da ciwo, domin yaron zai samu gurbi a BUK ko jami'ar Wudil ya je ajin farko ya kasa, a kore shi bayan shekara, iyaye sun yi asarar kuɗi shi kuma ya yi asarar yarda da kansa. Duk makarantar da ta ce maka ka kwantar da hankalinka muna taimaka wa yara a ɗakin jarrabawa, dan Allah ka tashi ka fita.

Akwai kuma wani abu da ba'a cika lura da shi ba. Makarantun kimiyya na jiha irin Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda aka buɗe tun 1977 kuma suka yaye likitoci da injiniyoyin da Kano take taƙama dasu, da jarrabawa ake shigarsu, zaɓaɓɓun yara suke ɗauka. Haka kwalejin tarayya ta kan titin Zariya, sai yaro ya ci jarrabawar shiga ta ƙasa wadda NECO take shiryawa. Idan sakamakonsu yayi kyau, wani kaso na kyan daga yaran da suka shigo ne. Wannan ba aibi bane, zama cikin masu ƙoƙari shi kansa yana jan yaro sama, kuma ga wanda ɗansa yake da kai amma aljihu babu nauyi har yau ban ga zaɓin da ya fi gwada waɗannan ba. Abin da nake nufi shine kar ka kwatanta su kai tsaye da makarantar unguwa da take karɓar duk wanda ya zo. Ita wannan ana auna ta ne da tazarar da ke tsakanin yadda yaro ya shigo da yadda ya fita. Makarantar da ta karɓi yaron da baya iya haɗa baƙi a JSS1 ta fitar da shi da C5 na gaskiya ta yi aikin da ya cancanci a yaba. Sai dai makarantun kwana ka je da kanka ka ga ɗakin kwana da kicin da ruwa, ka tambayi iyayen da yaransu suke ciki yanzu ba waɗanda suka gama shekara ashirin da suka wuce ba, tsohon suna baya ciyar da yaro.

Firamare kuma babu WAEC, nan ne aka fi rufe iyaye da ado. Yaro ɗan shekara huɗu ya dawo gida yana rera waƙar Turanci yana lissafo jihohi 36 da manyan biranensu sai gida ya ɗauki murna, alhali hadda ce kawai. Yadda mai sayen hatsi a Dawanau baya yarda da saman buhu sai ya zura hannu ƙasa, haka zaka yi. Ka nemi littafin rubutun wani yaro ɗan aji uku ko huɗu, ba wanda hedimasta zai zaɓo maka ba, ka ce na wancan da yake bencin baya. Ka buɗe ka duba kwanan wata, shin ana aiki kullum ko akwai sati biyu da babu komai. Ka duba jan biro. Malamin da yake aiki zaka ga ya zagaye kuskure, ya rubuta gyara, yaron ya sake yi a ƙasa an sake dubawa. Wanda baya aiki zaka ga dogon maki guda ɗaya an ja tun daga saman shafi har ƙasa an sa hannu, har inda yaron ya rubuta 7 sau 8 daidai da 54 an bashi daidai. Na sha ganin wannan da idona a makarantar da kuɗinta ba kaɗan bane. Sannan ka duba ko duk littafin kwafe ne daga allo ko akwai inda yaron ya rubuta jimla tasa ta kansa. Idan an baka dama, ka miƙa wa yaro ɗan aji uku wata takarda da bai taɓa gani ba, ko da Hausa ce, ya karanta maka layi uku ya faɗa maka abin da ya fahimta. Wannan gwajin na minti biyar ya fi duk wata ƙasidar talla da zasu baka.

Malamai sune makarantar. A ƙa'idar ƙasa mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE, wato takardar kwalejin horar da malamai, kuma ya kamata malami ya yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa. Ka tambaya nawa ne suke da su, musamman masu ƙananan azuzuwa, domin a ƙananan makarantun unguwa da yawa waɗanda suka gama sakandare suna jiran admishan ake ɗauka a basu aji ɗaya da biyu, ajin da ya fi kowanne buƙatar gwani. Amma abin da ya fi satifiket faɗa maka gaskiya shine daɗewar malamai. Idan malamin Lissafi uku aka canza a shekara guda to albashi ne babu ko ba'a biya a kan lokaci, kuma malamin da hankalinsa yake kan kuɗin adaidaita sahun da zai mayar da shi gida bazai tsaya gyara littafi arba'in ba. Wannan bayanin ba a ofis zaka same shi ba, maigadi da mai sayar da awara a bakin get sun fi kowa sanin wanda ya daɗe da wanda ya tafi.

Anan ne makarantar gwamnati take da wani ƙarfi da mutane suke rainawa. Yawancin malamanta masu takarda ne, wasu da digiri har na biyu, sun shekara goma sha suna koyar da darasi ɗaya. Matsalarta cunkoso ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare, amma duk wanda ya leƙa firamaren gwamnati a cikin birni ko Kurna ko Rijiyar Lemo ya san ana ninka wannan a aji guda, wasu a ƙasa suke zaune. Gwamnati ta ayyana dokar ta ɓaci a kan ilimi a 2024, an gyara azuzuwa an ɗauki malamai a wurare, amma ba kowace makaranta gyaran ya kai wa daidai ba, saboda haka kar ka yanke hukunci a kan duka, ka je wadda take kusa da kai ka ƙirga kawuna. Ka je ranar Talata ko Laraba wajen ƙarfe goma ba tare da ka sanar ba, ka zaga ka ga aji nawa ne babu malami a ciki. Kuma ka tambayi yadda suke yi a jarrabawar kwalifayin ta SS2, wadda da ita gwamnati take tantance waɗanda zata biya wa kuɗin NECO. Iyalin da suka sa yaro a ta gwamnati mai shugaba tsayayye suka ƙara masa lesin da yamma, sau da yawa sun fi wanda ya biya ƙaramar makarantar kuɗi da aka buɗe a gidan haya mai ɗaki huɗu riba.

Makarantun kuɗi kafin komai ka ga takardar izininsu daga hukumar kula da makarantu masu zaman kansu ta jiha. Mun tuna a farkon 2022 bayan abin takaicin da ya faru da wata ƙaramar ɗaliba a hannun mai makarantarsu, gwamnati ta soke lasisin makarantun kuɗi domin a sake tantancewa, to wannan takardar ba wasa bace. Ka tambaya suna da lambar santa ta WAEC da NECO tasu ta kansu ko kai yara suke wata makarantar. Ka tsaya lokacin tashi ka ga yadda ake sallamar yara, shin duk wanda ya zo ya ce an aiko shi sai a bashi yaro, ko akwai kati da rajista.

Manyan makarantun kuɗi na wajen Nassarawa da Bompai da makamantansu, gaskiya da yawansu suna da ɗakin gwaji da laburare da ƙananan azuzuwa, idan kana da hali ba laifi. Sai dai ka shiga ɗakin gwajin ka ga ko kwalaben sun yi ƙura, ka tambayi wani ɗan SS2 yaushe rabon da su yi firaktikal. Kuma ka ce a rubuta maka kuɗin shekara gaba ɗaya, fom, yunifom kala nawa, littattafan da dole a wajensu zaka saya, kuɗin PTA, lesin, mota, bikin yaye ɗalibai har na ƴan nazire, domin kuɗin zangon da ake faɗa maka a baki wani lokacin rabin labarin ne. Gara wadda zaka iya biya shekara shida ba tare da an koro yaro ba da wadda zaka cire shi bayan zango biyu.

Masu haɗa boko da Islamiyya da tahfiz sun yi yawa yanzu kuma iyaye suna sonsu da dalili, yaro yana wuri ɗaya daga safe zuwa la'asar. Ka auna kowane ɓangare daban. A hadda kar ka tsaya a izu nawa ya kai, ka ɗauko masa daga baya inda ya wuce wata shida ka ji ko akwai muraja'a, ka saurari tajwidinsa ko ka je da wanda ya sani. A boko ka karɓi jadawalin darussa ka ƙirga sau nawa ake Lissafi da Turanci a sati, domin wani wurin su ake matsewa. Ka tambaya ko suna zana NBAIS, wato jarrabawar hukumar Larabci da ilimin addinin Musulunci ta ƙasa, ko WAEC da NECO ko duka, ya danganta da inda kake so yaron ya nufa.

Hajiya, idan ƴa mace ce ki shiga banɗakin ɗalibai da kanki, ba na malamai ba. Ki ga akwai ruwa, akwai ƙofa mai rufuwa, an raba na maza da na mata. Yarinyar da ta fara girma idan babu wannan zata dinga fashin makaranta duk wata bata faɗa wa kowa dalili ba. Ki tambayi yaran kuma yadda ake horo, bulalar da ta wuce hankali tana sa yaro ya tsani darasin har abada.

Nisa ma ma'auni ne. Yaron da za'a ɗauko daga Rijiyar Zaki zuwa Hotoro kullum, ya fita da duhu ya sha gosulo ya dawo a gajiye ga Islamiyya tana jiransa, abin da ya ƙaru da shi a can ya zube a hanya. Idan makarantu biyu sun yi kusa a sauran ma'aunan ka ɗauki ta kusa da gida. Idan kuma kana tunanin canza wa yaro makaranta, ka bari ya kai gaɓa, bayan aji shida ko bayan jarrabawar JSS3, sai dai in abin ya shafi lafiyarsa ko tsaronsa, wannan kam ko tsakiyar zango ne ka cire shi.