Labule mai darewa biyu ko mai tashi sama?

Babban labulen da ke rufe bakin dandamalin wasan kwaikwayo yawanci hanya biyu ake buɗe shi: ko ya dare gida biyu, ko ya tashi sama gaba ɗaya.

Mai darewa biyu, wanda Faransawa ke kira salon Girka, yana rataye ne a kan dogon ƙarfe mai ƙananan tayoyi. Mutum ɗaya ya ja igiya, ɓari ya yi dama, ɓari ya yi hagu. A tsakiya ɓangarorin suna hawa kan juna kaɗan, don kada haske ya leƙo ta tsaga. Ba ya neman dogon rufi, shi ya sa ya fi yawa a ƙananan zaure da makarantu. Daɗin daɗawa, ɗan wasa zai iya fitowa ta tsakiya ya gaida 'yan kallo ba tare da an buɗe komai ba.

Mai tashi sama kuwa salon Jamus ne a bakin Faransawa, wasu kuma su ce masa gilotin, sunan injin sare kai, saboda yadda yake faɗowa. Shi rigimarsa gini ce: sai an sami sarari a saman dandamali da ya kai tsayin labulen, inda zai ɓuya, ga kuma nauyaye-nauyayen ƙarfe da ke daidaita nauyinsa, domin karan-miski ba wasa ba ne wajen nauyi.

Ni dai idan wasa ya ƙare da tashin hankali, na fi son mai saukowa. Yakan datse kallo tashi ɗaya, alhali mai darewa sai ya bar tsakiyar dandamali a buɗe har daƙiƙar ƙarshe.