Na'urar auna oksijin ta yatsa: amfaninta ga masu lalurar galahanga

Sau da yawa mai galahanga ba ya iya cewa ga inda ke masa ciwo, wani ma jikinsa ba ya sanar da shi da wuri. Ga shi korona kan rage iskar oksijin a jini mutum bai fara haki ba. Shi ya sa muke ganin wannan ƴar na'ura mai batir biyu ta cancanci kuɗinta.

A bar shi ya huta minti 5, hannu da ɗumi, farce babu fenti. A maƙala ta a yatsan tsakiya, a jira lambar oksijin da take nunawa ta daina canzawa. Daga 95 zuwa 100 lafiya lau. 92 ko ƙasa, a nemi likita nan take. A riƙa awon tun yana da lafiya, don ya saba, a kuma san lambarsa ta yau da kullum.

Matsalarta motsi. Mai yawan kaɗa hannu zai sa ta ba da lambar ƙarya. Matsin bakinta da ƙarar da wasu na'urorin ke yi na iya tayar masa da hankali, don haka a zaɓi wadda ake kashe ƙararta, a fara gwada ta a yatsan wani yana kallo. Ta manya ba ta kama yatsan yaro. A baƙar fata kuma takan nuna sama da gaskiya, wannan kam abin damuwa ne.

In ya ƙi abincin da yake so, ko barci ya yi yawa, ko leɓe ya sauya launi, a tafi asibiti ko da lambar ta yi kyau.