Gwangwanin tare hucin inji: yana aiki, amma ba ya busar da baƙin mai

Gwangwanin da na ɗaura wa motata na alminiyam ne, ɗan ƙarami, an dasa shi a kan tiyon da ya taso daga bawul ɗin PCV (mai janye hucin da ke taruwa a wurin baƙin mai) zuwa hanyar shigar iska. Aikinsa ya tare ƙazantar da ke cikin hucin kafin inji ya sake zuƙe ta.

Ruwan da ke taruwa cikin baƙin mai ba daga waje yake shiga ba. Duk litar fetur da ta ƙone tana fitar da kusan lita guda ta ruwa a matsayin tururi. Mafi yawansa ya bi salansa, kaɗan kuma ya silale ta gefen ringin fistin ya sauka inda baƙin mai yake. In injin da sanyi, nan take ya koma ruwa. Tun farkon shekarun 1960 sababbin motoci a Amurka suka koma amfani da PCV, ya riƙa janye hucin.

Abin da nake juyewa daga gwangwanin ruwa ne tsululu, launin ƙasa-ƙasa, da warin fetur mai hawa kai, mai na yawo a sama. Lokacin sanyi ya fi saurin cika. Ganinsa kaɗai ya sa ban yi da-na-sanin saye ba, balle ga injin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, wanda babu abin da ke wanke masa bayan bawul ɗin shigar iska.

Sai dai farin kumfan da ke ƙarƙashin murfin mai bai tafi ba don na sa shi. Ya ragu ne da na canza bawul ɗin PCV (tsohon ko an girgiza shi ba ya yin ƙara, ya daskare), na kuma riƙa ba motar doguwar tafiya. Mai sai ya yi zafi sosai, wajen digiri 90 zuwa 100, ya kuma jima a haka, kafin ruwan ya fita. Tafiyar minti biyar ba ta kai shi can.

Tiyon da ya zo da shi kuwa bai da ƙwari, zafi ya sa ya lotse, dole na nemi mai jure mai. A duba cikinsa ma kafin a saya: wanda ba shi da raga ko faranti a ciki, hucin wucewa kawai yake yi. In kuma ruwan lagireto na raguwa tare da kumfan, zancen gasket ne, a kai wa makaniki.