Shagon dabino na bayan Sabuwar Kasuwa, akwai tsada amma akwai kaya

Masu tambayata inda nike sayen dabino da zabibi to ga shi, wani ɗan shago ne bayan Sabuwar Kasuwa nan Sakkwato, ko allon suna babu, wani dattijo ne ke zama shi da yaronshi. Ba arha ke maida ni wurin ba don wallahi kuɗinshi sun ɗara na masu baro, ajiya ce Baban ya iya.

Kun dai san zahin garin ga watan Afrilu, digiri 40 har da ɗoriya, sai ka ga an ƙulle dabino cikin leda an aza bisa baro rana na dukanshi tun hantsi, leda ta yi gumi ta ciki, kwana kaɗan ya soma tsami yana danƙo. Shi Baba busasshen nan ɗan Agadas da ke shigowa ta Illela cikin buhu yake barinshi, bisa katako ba ƙasa ba, can ƙurya inda iska ke ratsawa, masu laushin kuma irin su Ajwa da Sukkari na Saudiyya suna firij, sola gare shi don wa zai dogara da NEPA. Ya ce min damina ta fi bazara ɓarna, watan Agusta in danshi ya shiga buhu sai hunhuna da ƙwari, ka ɓare dabino ka iske gari da tsutsa a jikin ƙwallon. Farin nan kuma da ke fitowa jikin mai laushi in ya daɗe ba kullum ne hunhuna ba, sau da yawa sukarinshi ne ya fito, murza ka ji, in yana da gashi-gashi da wari to wannan kam zubarwa za a yi.

Zabibinshi ma lafiya lau, cikin roba mai murfi, bai dunƙule ba.

Inda ban gamsu ba busasshen mangwaro. Ya yi baƙi ya yi tauri kamar ƙirgi, ga ƙasa-ƙasa a haƙori, da gani an yanka shi da kauri an baza a rana tsirara ba raga ba komai, ƙura ta sha rabonta. Na faɗa mishi ya ce saro shi yake, ba shi ke shanyawa ba, na ce to Baba a sake mai kawowa mana. Wannan kam ku tsallake shi. Kuma ku riƙo kuɗi a hannu don ba ya son taransifa, mai POS ɗin sai ka taka har bakin titi.